Wurno Da Marnona: Inda Aiki Bai Hana Alƙalami Tafiya Ba

Duk inda marubutan Hausa biyu ko uku suka haɗu, ko a taron ƙungiya ne ko a shagon mai sayar da littattafai, da wuya a tashi ba ka ji wani ya ce, "Wallahi aiki ne ya sha mini kai" ba. Malamin makaranta zai ce maka takardun jarrabawar yara sun cika masa ɗaki. Ma'aikaciyar asibiti za ta ce aikin kwana ya hana ta sakat. Uwargida kuwa ba sai an tambaye ta ba, daga girki sai wanki sai rigimar yara. Haka za ka ga littafi na ɗaya ya fito, masu karatu sun ƙagu, na biyu kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wasu ma har sun yanke wa kansu hukunci cewa sai ranar da suka yi ritaya sannan za su zauna su rubuta wannan babban littafin da ke cikin ransu, kamar wanda aka ba takardar shaidar cewa zai kai ranar.

Wannan ne ya sa nake so 'yan'uwa marubuta da masu karatu mu ɗan bar Kano da Kaduna, mu nufi gabashin Sakkwato, mu duba yadda wasu magabata suka yi da irin wannan matsala, domin kuwa ba yau aka fara ta ba.

Idan ka fita daga birnin Sakkwato ka kama hanyar Goronyo, za ka iso Marnona, mararrabar da ake karkata a shiga Wurno. Matafiyin yau abin da zai fi gani shi ne buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa da ake fitowa da su daga fadamar Gulbin Rima, sai kuma labarin madatsar ruwa ta Goronyo da ke can gaba. Amma masu tarihi suna ambaton Marnona cikin garuruwan malamai dangin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun kafin jihadi. Wurno kuwa, wadda ke zaune a kan tudu tana kallon fadama, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta a wajajen shekarar 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, domin tare hanyar Gobirawa da Azbinawa da ke kawo farmaki daga arewa da gabas. A nan ya ƙarasa rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, kuma a nan kabarinsa yake. Ka riƙe wannan a ranka, ya kai mai karatu: garin da za mu yi maganar rubutu a cikinsa sansanin yaƙi ne, mutanen da ke cikinsa da makamansu suke kwana.

An haifi Bello a 1781. Lokacin da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 yana saurayi ɗan shekara 23, kuma tun daga ranar bai sake samun abin da mu yau za mu kira hutu ba. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Shi ya kafa Sakkwato a 1809. Amma duk da haka a 1812 sai ga shi ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe duk mai son sanin tarihin jihadi sai ya bi ta kansa. A ciki ya yi bayanin ƙasashen wannan yanki da malamansu, ya kawo labarin yaƙe-yaƙen da shi kansa ya halarta, sannan ya zuba wasiƙun muhawarar da aka yi tsakaninsu da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, har da hujjojin da Alkanemi ya kafa a kansu. Wannan na ƙarshen ya fi komai burge ni. Mutum yana tsakiyar rigima, yana da ikon ya rubuta nasa ɓangaren kawai ya yi shiru da na abokin hamayya, amma ya kwafe zargin da aka yi musu ya ajiye wa na baya. Da bai yi haka ba, da yawa daga cikin abin da muka sani na ra'ayin Barno a kan jihadin da bai iso gare mu ba.

Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai aiki ya ninka. Shekarar ba ta ƙare ba Abdussalami ya yi tawaye a Kware, ƙofar Sakkwato ke nan. Bayan an gama da wannan fitina sai Bello ya zauna ya rubuta yadda abin ya faru a cikin Sardul Kalami, tare da wasiƙun da suka yi musaya. Shekara 20 ya yi yana mulki, kuma an ƙidaya masa fita yaƙi fiye da sau 40, na ƙarshe mai girma shi ne na Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. A cikin wannan hali ne aka samu rubuce-rubuce fiye da 100 da ake jingina masa.

To yaya aka yi? Idan ka duba jerin littattafan nasa za ka ga wani abu: yawancinsu aikin ne da kansa ya haife su. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi shawara a kan mulki, sai Bello ya rubuta masa Usulus Siyasa. Sarkin Bauchi Yakubu ya aiko da tambayoyi, sai amsar ta zama littafi. Ana bukatar a shawo kan mutane su yarda su zauna a garuruwan iyaka, sai ya yi rubutu a kan falalar ribaɗi. Mutane na fama da ciwon ido da basir, sai ya koma littattafan likitancin Larabawa ya tsamo magunguna ya rubuta risala a kan kowanne. Ashe teburin aikinsa da teburin rubutunsa guda ne. Abin da ya dame shi da safe a fada shi ne abin da zai zama babi a takarda.

Kuma mutumin bai daina karatu ba. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma gida da wani yanki na Infaƙul Maisuri wanda aka fassara aka buga a Landan a 1826. Da ya dawo zuwansa na biyu ya kawo wa Bello tsarabar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da kwafen littafin da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi. Daga baya Clapperton ya shigo wurinsa ya tarar da shi zaune yana duba littafin nan. Sarkin da ake jira ya yanke shari'a, ya tura runduna, ya amsa wasiƙun sarakuna tun daga Katsina har Adamawa, shi ne zaune da littafin lissafi a hannu. Ga shi kuma Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a fadar ya kuma rubuta tarihin Sakkwato, ya shaida cewa Bello daga abin da ya nema da kansa yake ci, ba ya taɓa baitulmali domin bukatar gidansa. Gado ya yi, domin an san Shehu da tufkar igiya.

A nan ya kamata mu yi adalci, kada a ce mun ɗauko sarki mun auna shi da malamin firamare mai jiran albashi. Bello yana da magatakarda da almajirai masu kwafe masa rubutu, yana da bayi da barori, bai taɓa tsayawa layin mota ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ɓoye ta bai kyauta wa tarihi ba. Sai dai a ɗaya hannun a tuna da abin da babu. Babu maɗaba'a. Takarda daga Turai take zuwa, yawanci ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi ta Tarabulus, saboda haka tsada gare ta, ba a yin wasa da ita. Tawada sai an dafa, alƙalami sai an feƙe, fitila ta mai ce. Kowane kwafe ɗaya na littafi sai wani ya zauna ya rubuta shi da hannu daga bango zuwa bango, sannan gara ko gobara ko ruwan sama na iya gamawa da shi a dare ɗaya, kamar yadda ya faru da Iƙlidis ɗin can.

Amma wadda labarinta ya fi kusa da marubutanmu, musamman mata da su ne suka fi yawa a fagen ƙagaggun labarai na Hausa, ita ce ƙanwarsa Nana Asma'u, Allah ya ƙara mata yarda.

An haife ta a Ɗagel a 1793, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwan haihuwarta Hassan. Tana yarinya 'yar shekara 11 aka yi hijira, ta ga yunwa da annoba da gudu daga wannan sansani zuwa wancan. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello wanda ya zama Wazirinsa. Duk wanda ya san gidan sarauta ya san abin da ake nufi da uwargidan Waziri: baƙi daga kowace masarauta a gidan suke sauka, tukunya ba ta sauka daga murhu, ga kishiyoyi, ga barori, ga 'ya'ya, ga masu kawo kuka. Fada na Sakkwato ana can, fada ta koma Wurno a bi ta. Ba ta tsira daga irin jarrabawar da ke samun kowace uwa ba, domin Clapperton ya rubuta cewa yana Sakkwato a 1824 wani ɗan Giɗaɗo da ya haifa da 'yar'uwar Bello ya rasu da ciwon agana.

A cikin wannan gida ne ta rubuta Tanbihul Gafilina a 1820 tana da shekara 27, kuma ba ta ajiye alƙalami ba sai da ta rasu a 1864. Abin da ya tsira na ayyukanta ya kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Shekara 44 ke nan tana rubutu. Idan ka raba za ka ga abin bai wuce ɗaya ko biyu a shekara ba, wata shekarar ma babu ko ɗaya da ya iso gare mu. Ina ganin wannan lissafin ya fi kowace irin nasiha amfani ga mai ganin cewa idan bai fitar da littafi uku a shekara ba to ya mutu a fagen rubutu.

Dubi kuma irin abubuwan da ta rubuta. A 1822, lokacin da maƙiya suka matso Sakkwato hankalin jama'a ya tashi, Bello ya yi waƙa wadda farkon baitocinta ke bin haruffan ayar nan ta Suratus Sharhi mai albishir da sauƙi a tare da tsanani, ita kuma ta mayar masa da amsa da irin wannan tsari da Fulatanci. Wa da ƙanwa ke nan suna ƙarfafa wa juna gwiwa da waƙa alhali abokan gaba na bakin ganuwa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeriyar waƙa yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi, ta yi ta da Fulatanci, ta sake ta da Hausa, ta kuma yi ta da Larabci. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa a 1831. Da Bello ya tattara labarin mata salihai a cikin Kitabun Nasiha, ita ya ba aikin mayar da shi waƙa, ta yi na Fulatanci a 1836, na Hausa ya biyo baya a 1837, ta kuma ƙara da matan da ita ta sani da idonta a cikin jama'ar Shehu.

Marsiyyoyinta su ne suka fi taɓa ni. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta, ta yi wa ƙawarta A'ishatu, wannan duk ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa Halima maƙwabciyarta, mace wadda ba 'yar sarki ba ce ba kuma shahararriyar malama ba, ta yabe ta da kyawun zama da mutane da sasanta dangi. Ta yi wa Zaharatu wadda aka sani da zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Waɗannan mata da babu wani marubucin tarihin sarakuna da zai tsaya ya ambace su, yau ana karanta sunayensu a jami'o'in Amurka da Ingila, saboda wata mata da hidimar gida ta haɗa ta da su ta ga sun isa a rubuta su. Da a ce Asma'u ta kulle kanta a ɗaki ta ce ita marubuciya ce kada a dame ta, ina za ta san Halima balle Zaharatu?

Batun jaji kuwa, shi ne maganin da ta samo wa matsalar da har yau take ci wa marubutan Hausa tuwo a ƙwarya, wato yadda rubutu zai isa hannun mai bukatarsa. Matan ƙauye masu aure ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji za ta taso daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su zo wurin Asma'u su karɓi waƙoƙi su haddace, su koma su koya wa na gida. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Malfar nan ma akwai hikima a cikinta, domin irinta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa, sai Asma'u ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka riga suka sani suna girmamawa ta juya ta zuwa ga ilimi. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Shi ma maigidan ba a bar shi a baya ba. Giɗaɗo, wanda ya sha tafiya tsakanin Sakkwato da Kano da sauran masarautun gabas a kan aikin Waziri, shi ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu da jama'arsa, da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazirci a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859 kuma ya fi zama a Wurno, shi ma ya yi rubutu. A zamanin Aliyun ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Wurno a 1853, ya kuma sadu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen uwa, mai Raudatul Afkari, wanda Barth ya ɗauka a matsayin mafi ilimin mutanen Sakkwato na wannan zamani.

Rabah ma tana da nata rabon, ko da yake a gurguje zan wuce. Garin Abubakar Atiku na Raba ne, ɗan Bello, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Jikansa Ahmadu Bello a nan aka haife shi, ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato, ya dawo ya zama hakimin Rabah a 1934, kuma yana kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa aka buga tarihin rayuwarsa, My Life, a 1962. Tsaransa da suka buɗe mana ƙofar ƙagaggun labarai a gasar 1933 su ma ma'aikata ne: Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Shehu Shagari ma yana malamin makaranta ya yi Waƙar Nijeriya a 1948. Kusan duk adabin da muke taƙama da shi mutanen da ke da wani aikin ne suka yi shi.

Yanzu mu dawo Marnona. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, tafiyar da ta ƙare a Burmi. Waziri Muhammadu Buhari, jikan Giɗaɗo da Asma'u, ya fita da taron jama'a suka yada zango a Marnona, kuma ya samu kansa cikin tsaka mai wuya: ya bi Sarkin Musulmi ya bar talakawa ba mai tsaya musu, ko ya koma ya zauna ƙarƙashin Nasara? Ya nemi fatawar malaman da ke tare da shi, aka tattauna, daga ƙarshe ya koma Sakkwato. Abin bai bar ransa ba. Sai ya yi abin da gidansu suka saba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, ya bayyana abin da ya faru da dalilin da ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa da irin damuwar da ta biyo baya. Saboda wannan 'yar risala ne masu tarihi a yau suke iya ganin zuwan Turawa ta idon wanda abin ya faɗa wa a ka, maimakon dogaro da rahoton Lugga kaɗai.

Ba zan iya wuce wannan wuri ban ce wani abu a kan halin da yankin ya shiga a 'yan shekarun nan ba. Ƙasar da Bello ya cika da garuruwan ribaɗi ta sake zama bakin daga. An kai hari Tabanni ta gundumar Gandi a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, an kai wa kasuwar Goronyo hari a watan Oktoban 2021, ban da ƙauyukan da labarinsu bai kai gidan rediyo ba. Waɗanda suka san wannan labari ciki da waje su ne malamin makarantar da aka rufe, da ma'aikaciyar asibitin da ta karɓi masu rauni, da direban da ke bin hanyar kullum, da matar da ta sauke 'yan gudun hijira a gidanta. Wato dai mutanen nan masu cewa aiki ya sha musu kai. Idan ba su rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya kwana biyu a otal a Sakkwato ya rubuta musu, kuma nasa ne jikokinsu za su karanta.

Ɗan Waziri Buhari, wato Waziri Junaidu, an haife shi a 1906, shekara uku bayan zaman Marnona. Ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya riƙe muƙamin kusan shekara 50 tare da duk abin da ke cikinsa na zaman majalisa da rakiyar Sarkin Musulmi da sauraron jama'a, kuma a cikin haka ya rubuta Tarihin Fulani da Dabɗul Multaƙaɗati da labaran tafiye-tafiyensa da waƙoƙi masu yawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, sannan cibiyar adana tarihi ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi. A gidansa ne takardun Nana Asma'u suke ajiye cikin gafaka, suna wucewa daga hannun wannan Waziri zuwa wancan. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, waɗannan takardu, ya kuma zauna da ita yana warware mata abin da ya shige mata duhu. Daga nan ta fitar da The Caliph's Sister a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan Asma'u gaba ɗaya cikin kundi guda, da matanin asali da fassarar Ingilishi, wanda maɗaba'ar Jami'ar Jihar Michigan ta buga a 1997. A farkon wannan shekarar ce Waziri Junaidu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama.